Wa zai raba adireshi a ɗakin kwamfuta: rauta ko sabar?

Malam, ka ce ƙananan kwamfutoci 24 ne a ɗakin makarantarku, irin waɗanda ba su da faifan ajiya, suna tashi daga sabar LTSP, wato babbar kwamfutar da ke turo musu tsarin aikin Linux ta kebul. Wata rana duk su tashi lafiya, wata rana rabinsu su tsaya a kan "PXE-E53: No boot filename received". Wani ya ce ka kashe DHCP na rauta, wato aikin raba adireshin IP, ka ɗora wa sabar aikin gaba ɗaya, wani kuma ya ce ka bar rauta yadda take ka kunna proxyDHCP, inda sabar ke faɗin sunan fayil ɗin tashi kawai. Dukkansu ba su yi ƙarya ba, amma hanyoyin biyu ba su dace da wuri ɗaya ba.

Fara da lambar da allon ya nuna maka, domin ta riga ta faɗi rabin ciwon. Kwamfutar da ba ta da faifai tana buƙatar abu biyu kafin ta motsa: adireshin IP, da sunan fayil ɗin da za ta ɗauko tare da inda yake. E53 na nufin an ba ta adireshi amma ba a gaya mata fayil ba. Da E51 ka gani, to babu wanda ya amsa mata ko kaɗan, sai a duba kebul da suwic. E32 kuwa ta samu adireshi da sunan fayil, TFTP ne, mai turo fayil ɗin a mashiga (port) ta 69, ya ƙi amsawa. Tunda ka ce ka saka isc-dhcp-server, manhajar raba adireshi, a sabar alhali rauta ma tana raba adireshi, masu rabo biyu ne a gida ɗaya. Kuma na'urar ba sau ɗaya take roƙo ba: katin sadarwa ya roƙa, iPXE, ƙaramar manhajar tashi da katin ke ɗaukowa, ya sake roƙa, Linux ma ya roƙa idan ya fara tashi. Kowane karo wani daban na iya riga amsawa. Shi ya sa abin yake yi maka yau fari gobe baƙi.

A hanyar proxyDHCP, rauta ce kaɗai ke ba da adireshi. Sabar tana sauraron roƙon da ke ɗauke da alamar "PXEClient", sai ta tsoma baki da sunan fayil kawai, ba ta taɓa adireshi. Ragowar maganar kan bi ta mashiga ta 4011. A dnsmasq, manhajar da ke wannan aikin a sabar, layin saitin da ke kunna ta shi ne dhcp-range=192.168.1.0,proxy, idan adireshin layin sadarwarku ke nan, kuma LTSP tun sabon tsarinsa na 2019 da wannan hanyar yake zuwa, umarnin ltsp dnsmasq zai rubuta maka saitin. Daɗinta shi ne ba ka taɓa kayan kowa. Ofishin shugaban makaranta, firinta, wayoyin malamai, duk suna nan yadda suke, ko ka kashe sabar da yamma ba wanda zai rasa intanet.

Inda take ciwo shi ne tashin ɗakin ya rataya a wuyan na'urori biyu. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, ƙananan kwamfutocin da aka saita su kunna kansu sukan riga rauta farkawa, su yi ta kira har su gaji. Na taɓa ɓata yini guda ina zargin sabar, ashe ƙaramar rauta ce da adireshinta suka ƙare saboda wayoyi sun cinye su, kwamfutocin ɗalibai suka rasa rabo. Kuma idan abu ya lalace, rabin labarin yana cikin rauta, wadda sau da yawa ba ta ajiye bayanin kirki.

A hanya ta biyu sabar ce ke ba da komai, adireshi da sunan fayil a amsa ɗaya. Amma ba na so ka yi ta yadda aka ba ka shawara, wato ka kashe DHCP na rauta kurum, domin daga ranar duk makarantar ta dogara da sabar ɗakinka, ta mutu kowa ya zo ƙofarka. Yadda ya kamata shi ne katin sadarwa biyu a sabar. Ɗaya ya tafi rauta don intanet, ɗayan ya shiga suwic ɗin ɗakin shi kaɗai. LTSP ya tanadi 192.168.67.1 don wannan kati na biyu, ka ba shi wannan adireshin, dnsmasq zai raba wa na'urorin da ke bayansa. Sai ka kunna NAT, wanda ke ba su damar shiga intanet ta adireshin sabar. Kuɗin kati ɗaya ne da ɗan aiki, amma komai yana wuri ɗaya: ka sa log-dhcp, ka buɗe journalctl -f -u dnsmasq, ka kunna na'ura, ka ga roƙonta da amsar da aka ba ta layi bayan layi. Nauyin ɗauko tsarin aiki na na'ura 24 da safe ma ba zai bi ta layin ofis ba. Haɗarinta ɗaya ne, kada wani ya zo da kebul ya haɗa suwic ɗin ɗaki da na ofis, domin an koma gidan jiya. Ka yi wa kebul ɗin alama, ka gaya wa mai kula da ɗakin.

Akwai abubuwan da ba ruwansu da zaɓinka, kowacce ka bi za su same ka. Tsohuwar na'ura mai tsarin tashi na BIOS tana son fayil ɗin undionly.kpxe, mai sabon tsarin UEFI tana son snponly.efi, ana gane su ta zaɓi na 93 a cikin roƙon: 0 na BIOS, 7 na UEFI mai bit 64. Idan Secure Boot, kariyar da ke hana tayar da fayil marar sa hannu, na kunne, fayil ɗin zai sauko amma ya ƙi tashi. Sannan idan suwic ɗinku mai saiti ne, tsohon STP, tsarin da ke hana saƙo kewayawa a layi, yana riƙe mashigar kebul kusan daƙiƙa 30 kafin ya bar komai ya wuce, a suwic na Cisco saitin PortFast ke maganinsa. DHCP snooping kuma, saitin suwic da ke tace amsoshin DHCP, zai jefar da amsar sabar muddin ba a amince da mashigarta ba, har amsar proxy.

Ni a wurinka, tunda ɗakin naka ne kuma suwic ɗinsa daban, kati biyu zan yi. ProxyDHCP zan bar wa wanda na'urorinsa ke warwatse cikin ofisoshi, ko wanda ba a ba shi ikon taɓa layin ba. Ko wacce ka ɗauka, cire isc-dhcp-server tukuna. Masu shi ma sun daina kula da shi tun ƙarshen 2022, kuma zai yi rigima da dnsmasq a kan mashiga ta 67. Kafin ka canja komai, gudanar da tcpdump -n -i eth0 port 67 or port 68 a sabar, ka sa sunan katinka a madadin eth0, ka kunna na'ura ɗaya daga cikin masu gardamar. Idan ka ga amsa na fitowa daga adireshi biyu, turo mana abin da ya fito tare da sunan suwic ɗin.