Katin MuseumPass na Turkiyya: ya biya kuɗinsa, amma mai neman zane-zane ya tanadi wani kuɗin

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Turkiyya kasuwa ke kai su, daga Laleli sai Merter, a ɗaure kaya a juyo gida. Wanda ya samu sarari ya ce zai zaga gidajen tarihin ƙasar, abu na farko da za a tallata masa shi ne katin MuseumPass Türkiye. Na saya, na yi amfani da shi a Istanbul da Ankara da Konya da Efes, ga abin da na gani.

Katin na Ma'aikatar Al'adu da Yawon Buɗe Ido ne, an yi shi domin baƙi. Yana aiki kwana 15 daga ranar da ka fara shiga da shi, kuma yana buɗe wurare sama da 300, kowanne shiga ɗaya. A 2024 kuɗinsa Yuro 165 ne. Akwai ƙaninsa na Istanbul kaɗai, mai kwana 5, a kan Yuro 105. Farashi a can ba ya zama wuri ɗaya, don haka a duba kafin a tashi. A kuma lura da kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da nasu katunan masu suna kusan iri ɗaya a intanet. Na gwamnati a tagar sayar da tikitin gidajen tarihin ake samunsa, ko a shafin ma'aikatar.

Inda katin ya fara nuna amfaninsa shi ne fadar Topkapi ta Istanbul, wadda Sultan Muhammadu Fatih ya gina bayan ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a 1924. Layin masu sayen tikiti kan yi tsawo tun da hantsi, mai kati kuwa wucewa yake yi. Layin binciken jami'an tsaro dai kowa sai ya bi. Ranar Talata fadar a rufe take, kuma katin ba ya tsayar da lissafin kwanakinsa saboda haka.

Jama'a sun fi yin dafifi a baitulmali, wajen lu'ulu'un nan mai nauyin karat 86. Ni ɗakin Amanoni Masu Tsarki ya riƙe ni. Tushen kayan da ke ciki ya faro ne daga 1517, lokacin da Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar. Akwai takubban da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da halifofinsa, da tsofaffin makullan Ka'aba, da indararon rufinta, da akwatin zinaren da aka adana mayafin Annabi a ciki. Tun kafin ka shiga kake jin karatun Alƙur'ani. Na ɗauka na'ura ce, sai da layi ya kai ni kusa da ƙofar fita na ga alaramma zaune a wani ɗan keɓantaccen wuri da Mushafi a gabansa, yana karatunsa bai kula da masu wucewa ba. Matsalar ɗakin ita ce turereniya. Ayarin masu yawon buɗe ido na bayanka, jagoransu na ɗaga tuta, ba ka da damar tsayawa minti biyu a gaban abu ɗaya. Wanda ke son ya kalla a tsanake ya iso da an buɗe ƙofa, ya nufi can kai tsaye, sauran fadar ta jira.

Gangaren fadar akwai gidan kayan tarihin da aka tono daga ƙasa, wanda Osman Hamdi Bey, mai zane kuma shugaban gidan, ya buɗe babban gininsa a 1891. Abin da ya fi shahara a ciki shi ne akwatin gawa na marmara da ake kira na Iskandar, sarkin Makidoniya, wanda aka tono a Saida ta Lebanon a 1887. Masana sun ce ba Iskandar aka sa a ciki ba, hotonsa ne dai aka sassaƙa a jiki yana yaƙi da Farisawa. Idan ka matsa kusa da gilashin za ka ga ragowar jan fenti da shunayya a lungun rigunan mayaƙan, bayan shekara fiye da 2,300.

Wanda na fi so a duk Istanbul kuwa ba shi da cunkoso ko kaɗan: gidan fasahar Turkawa da Musulunci, a tsohuwar fadar Ibrahim Pasha da ke fuskantar Masallacin Sultan Ahmad. Da yawa sukan wuce ƙofarsa ba su sani ba. A nan aka rataye dardumomin Saljuƙawa na ƙarni na 13 da aka samo a masallacin Alaeddin na Konya, wasu duk sun yage, amma jan da shuɗin ba su kode ba. Akwai kuma warƙoƙin Alƙur'ani na ƙarnukan farko da aka kawo daga Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, rubutun Kufi a kan fata, wasu ba ɗigo ba wasali. Duk wanda ya yi karatun allo zai daɗe tsaye a nan yana gwada karantawa. Gidan tarihin kimiyyar Musulunci da ke lambun Gulhane shi ma yana cikin katin, sai dai kayansa kwaikwayo ne da aka ƙera bisa bayanin tsofaffin littattafai. Ya dace da yara 'yan makaranta. Hasumiyar Galata, Yuro 30 ga marar kati, kallon gari ne kawai. Na hau don katin ya ba ni, da kuɗina ne da ban hau ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Katin na gidajen gwamnati ne, manyan gidajen zane-zane na Istanbul kuwa na masu zaman kansu ne. Istanbul Modern, wanda ya koma sabon gininsa a bakin ruwan Karakoy a 2023, sai ka biya. Gidan Pera, inda aka rataye shahararren zanen Osman Hamdi Bey na 1906, dattijo mai jar riga tsaye yana kallon kunkuru, sai ka biya. Gidan Sabanci mai tarin rubutun hannu na ƙwararrun marubutan Daular Usmaniyya, shi ma haka. Fadar Dolmabahce da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa ba sa ciki. Benen Aya Sofiya, da aka sa wa baƙi Yuro 25 tun Janairun 2024, shi ma ba ya ciki. Ba a ɓoye wannan ba, yana rubuce a jerin wuraren, amma sunan katin kan sa mutum ya zaci komai da komai ne.

Daga Istanbul jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Ankara cikin awa 4 da wani abu. Gidan tarihin Wayewar Anatoliya, wanda aka yi a cikin tsohuwar rufaffiyar kasuwa ta ƙarni na 15 a gindin ganuwar birnin, shi kaɗai ya isa dalilin tafiyar. An tsara shi yadda za ka bi zamani bayan zamani ba tare da ka ruɗe ba. Na fi daɗewa gaban allunan yumɓu da aka tono a kufan Kultepe, ƙanana, wasu ba su kai tafin hannu ba, wasu har yanzu rabinsu na cikin ambulan ɗinsu na yumɓu da hatimin mai aikowa a jiki. Wasiƙun 'yan kasuwar birnin Assur, da ke Iraƙi ta yau, ne na kusan shekara 4,000 da suka wuce, masu kawo kuza da yadi a kan jakuna su koma da azurfa, tamkar fataken da. Abin da ke ciki bashi ne, da riba, da ƙorafin matan da suka saƙa yadin a gida suna jiran a aiko musu da kuɗinsu. Kowane ɗan Kwari zai gane wannan magana.

A Konya katin bai yi wani aiki ba, domin shiga gidan tarihin Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a 1273, kyauta ne ga kowa. Makarantar Karatay ta 1251 kawai na shiga da shi, ƙaramar gaske, amma ƙubbarta mai ado da tayil shuɗi da baƙi ta cancanci rabin awa. Haka kabarin Ataturk a Ankara, kyauta ne.

Sai a Efes, kufan tsohon birni da ke kusa da Izmir, lissafi ya daidaita, domin shigarsa kaɗai Yuro 40 ce. Idan ka haɗa Topkapi, wanda ya ɗara hakan tsada, da Galata da Efes, ka riga ka cinye kashi biyu bisa uku na kuɗin katin, ƙananan gidajen su cike sauran. Wanda zai ƙara da Pamukkale ko Kapadokiya ya ci riba sosai. Wanda Istanbul da Ankara da Konya kawai zai je, gara ya sayi na kwana 5 ya biya na Ankara a ƙofa. Ɗan kasuwar da yini ɗaya ya rage masa kafin jirgi kuwa kada ya sayi kowanne: ya biya Topkapi da safe, ya yi azahar a Sultan Ahmad, ya tsallaka fili ya shiga fadar Ibrahim Pasha.