Maganin damina na yara: sun iya kawo shi ƙofa, saura kwana biyun da suke bar wa uwa

Da zarar ruwa ya zauna a Garwa ta Kamaru, Binuwai ta ɗauko cika, kwatocin Yelwa suka fara riƙe ruwa, mun san masu rabon maganin yara suna tafe. Bibbiyu suke yawo gida-gida, da jaka a kafaɗa, da littafin rajista, da allin yi wa ƙofa alama. A takardunsu sunan aikin CPS, wato ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina, matan unguwa kuwa "maganin damina" suke cewa. Tun 2016 ake yinsa a yankin Arewa da na Arewa Mai Nisa, kuma gidanmu babban gida ne, ba ya rabuwa da ƙananan yara, nawa da na facalata. Ni malamar ilimin halittu ce a sakandare, don haka ina karɓar maganin a matsayin uwa, ina kuma bin abin da masu bincike suke rubutawa a kansa. Abin da na gani shi ne hidima ce mai kyau ƙwarai, wadda ta bar ɓaraka a wuri guda, kuma a wurin ne amfaninta yake zurarewa.

Abin da ke cikin jakar ɗan fakiti ne mai ƙwaya huɗu: fara ɗaya, rawaya uku. Farar ita ce sulfadoxine-pyrimethamine, rawayar amodiaquine. Akwai fakitin jarirai daga wata 3 zuwa 11, akwai na yara daga shekara ɗaya har kafin su cika biyar. Ranar farko ma'aikaciya takan sa a narka fara ɗaya da rawaya ɗaya a ɗan ruwa, yaro ya shanye a gabanta. Sauran rawayar biyu sai ta miƙa wa uwa: ɗaya gobe, ɗaya jibi. Bayan kwana 28 su dawo, yawanci zagaye huɗu, daga Yuli zuwa Oktoba. Ƙwayoyin yanzu suna narkewa da wuri, an kuma ɗan rage musu ɗaci, ba kamar na shekarun farko da sai an niƙa da bayan cokali ba. Duk da haka rawayar tana da ɗaci, kuma yaro ɗan shekara uku ba ya manta ta.

Ba na shakkar maganin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012, bayan gwaje-gwaje a ƙasashen Sahel sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da kusan kashi 75 cikin 100 a tsakanin yaran da suka sha. Daga baya aka bi shi a fili, inda ma'aikata na gaske suke raba shi a ƙauyuka na gaske, har da Chadi da Najeriya, aka samu kariyar kashi 88 a kwana 28 na farko. Daga kwana 29 zuwa 42 kuwa sai ta sauko zuwa kashi 61. Kamar lalle take, makon farko ja wur, daga nan ta riƙa koɗewa. Shi ya sa ranar dawowarsu take da muhimmanci, kuma a nan ina yaba musu: mafi yawan lokuta suna cika alkawari. Lokacin da suka makara kuwa, babu wanda ya zo ya gaya mana dalili ko ya sa mana sabuwar rana, muna dai zaune muna jin sauro yana kuka a kunnen yaran. A 2022 yara wajen miliyan 49 a ƙasashe 17 ne suka sami wannan magani, don haka makarar mako guda ba ƙaramin abu ba ne.

Abu biyu suka sa hidimar ta ci sunanta a wurina: kyauta ce, kuma har ƙofa ake kawo ta. Yayan maigidana yana cikin masu cewa abin da ba a saya ba ba a ganin darajarsa. "Malama," in ji shi, "a sa masa ko ɗari biyu ce, ki ga yadda mata za su kula da shi." Na ce masa, "Yaya, an gwada wannan magana taka, ba ta tsaya ba." A yammacin Kenya, Jessica Cohen da Pascaline Dupas sun raba gidan sauro ga masu juna biyu a ɗakunan awo, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi kaɗan. Da farashin ya tashi daga kyauta zuwa shilin 40 kacal, masu karɓa suka ragu da kashi 60 cikin 100, kuma waɗanda suka biya ba su fi na kyauta rataya shi ba. Haka aka gani da maganin tsutsar ciki a makarantun Kenya, a binciken Michael Kremer da Edward Miguel: ana sa ɗan kuɗi, masu sha suka faɗo daga kashi 75 zuwa 19. Mutum yakan sayar da akuya don yaron da ke kwance. Don yaron da ke tsalle a tsakar gida kuwa, ko kuɗin babur zuwa asibiti sai ya ga kamar asara ce. Masu tsara rabon nan sun fahimci wannan hali namu, suka cire kuɗi, suka cire tafiya, suka cire layi. Abin da ya rage wa uwa ranar farko shi ne ta ce "Ku shigo."

To amma gobe fa? Gobe babu mai sallama. Ƙwaya tana bisa kan kwaba ko cikin kwanon jere, yaro lafiyarsa ƙalau, jiya ya yi kuka ya tofa rabin ruwan a zanen uwarsa, ga wanki, ga koko a wuta, ga 'yan makaranta za a shirya. Uwa ta ce sai an jima. An jima ta zama dare, yaro ya yi barci. Facalata mace ce mai kula da 'ya'yanta matuƙa, amma na taɓa ganin rawaya shida a ɗaure cikin leda a ɗakinta. Na tambaye ta, ta ce, "Yaya, ai ajiye su na yi, ranar da jikinsu ya yi zafi sai in ba su." A ganinta tanadi ta yi. Wata maƙwabciyarmu kuma raba su take yi da 'yan shekara bakwai da takwas, don ba ta ga dalilin da za a ba ƙanne a hana yayye ba. Babu rashin so a cikin wannan, kuma ba jahilci ne irin wanda ake zagi ba. Ba a dai yi musu bayanin da zai zauna ba, cewa ƙwayoyin nan uku tare suke aiki. Amodiaquine sai an sha ta kwana uku a jere kafin ta share ƙwayoyin cutar da ke ɓoye cikin jini, ta kuma taru a jiki yadda za ta tsare yaro har wata ya zagayo. Rabin magani kuwa hanya ce ta koya wa cutar jure shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali binciken da aka yi a Magarya ta Nijar, ƙasar Hausawa 'yan'uwanmu. Maimakon a tsaya a tambayar iyaye ko sun bayar, sai aka auna ragowar maganin a jinin yaran. Sakamakon ya nuna mafi yawansu ba su sha na kwana ukun cif ba. Idan aka tambayi uwa za ta ce ta bayar, domin kunya, domin kuma ba ta so a cire ɗanta daga rajista. Littafin ma'aikaciya zai cika da alamun nasara, jinin yaro yana faɗin wani abu daban. Ban ga abin da zai sa Yelwa ta bambanta da Magarya a kan wannan ba.

Masana tattalin arzikin ɗabi'a sun daɗe da gane cewa wahalar yau, ko ƙanƙanuwa ce, tana rinjayar amfanin da sai nan gaba za a gan shi. Amfanin rigakafi ma ba a ganinsa, tun da zazzaɓin da bai zo ba ba ya barin shaida. A Udaipur ta Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun gwada wannan a kan allurar rigakafin yara, aka buga sakamakon a 2010. A ƙauyukan da ba a yi komai ba, kashi 6 na yara ne suka kammala allurai. Inda aka kawo ma'aikata a kan rana tsayayya kowane wata, kashi 18. Inda aka ƙara wa uwa kilo ɗaya na wani irin wake a kowane zuwa, da saitin faranti idan ta kammala, kashi 39. Abin lura shi ne, ko a inda babu wake, iyaye da yawa sun kawo yara allurar farko. A tsakiya ake zubewa. Wake kilo ɗaya ba zai sauya wa wanda ya ƙi rigakafi ra'ayi ba, amma ya isa ya sa mai niyya ta daina cewa sai gobe. Banerjee da Duflo tare da Kremer ne suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin wannan aiki.

Ba wake nake roƙa ba. Abin da nake so masu rabon su yi bai kai haka tsada ba. Kafin ma'aikaciya ta fita, ta tambayi uwa, "Gobe da wane lokaci za ki ba shi, kuma wa zai tuna miki?" ta jira amsa. An gwada irin wannan a Amurka da allurar mura: waɗanda aka sa su rubuta rana da sa'a sun fi zuwa da kamar kashi 4 cikin 100. Ƙari ne kaɗan, amma ba a kashe ko sisi a kansa ba. A Kenya kuma, saƙon waya ɗaya a mako ya ɗaga masu shan maganin ƙanjamau yadda ya kamata daga kashi 50 zuwa 62. Kusan kowane maigida a unguwarmu yana da waya, amma ban taɓa ganin an karɓi lambar uba ba. Maza sun fita kasuwa lokacin da ake rabo, su dawo ba su san an zo ba sai sun ga alli a ƙofa, alhali in maigida ya tambaya da dare ko an ba yaro maganinsa, da wuya a wayi gari ba a ba shi ba. Masallacin unguwa ma yana da lasifika, ana sanar da ranar zuwan ma'aikata, a yi shiru a kan gobe da jibi.

A gidanmu mun mayar da aikin hannun surukata. Duk fakitin da aka bari, wurinta ake kaiwa. Da safe, idan yara sun sha koko, sai ta zauna a tabarmarta ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata, "Inna, ba ki gajiya da kukansu?" Ta ce, "'Yata, kukan ɗaci ya fi min kukan zazzaɓi sauƙi." Bayan cin abinci ya fi, amai yakan ragu. Sai dai ba kowane gida ne yake da Inna ba, kuma hidimar da ta kai miliyoyin yara bai kamata ta dogara ga sa'ar samun tsohuwa mai tsayawa ba.

Ma'aikatan kansu ba ɗaya suke ba. Akwai wata baiwar Allah da ta daɗe tana zuwa mana, ba ta buɗe fakiti sai ta taɓa jikin yaro ta tambaya ko yana zazzaɓi, ko yana shan Bactrim, ko wani magani ya taɓa fito masa da ƙuraje. Tambayoyin nan ba na ƙa'ida kawai ba ne. Yaron da zazzaɓi ya riga ya kama gwaji yake bukata da maganin warkarwa, kuma Bactrim dangin farar ƙwayar ne, ba a haɗa su. Tana kuma tsayawa ta ga ko yaro zai yi amai, domin in ya amayar cikin rabin sa'a sai an sake ba shi. Akwai kuma waɗanda suke shigowa a gurguje, gidaje sun yi musu yawa, rana ta take, su yi bayani da Faransanci ga matar da Hausa da Fulatanci kawai take ji, su cika kati su wuce. Ba na ganin laifinsu su kaɗai, wanda aka ɗora wa gidaje fiye da ƙarfinsa dole ya rage wani abu, kuma bayani ne abin da ya fi saurin ragewa. Katin ma na takarda ne mara kauri, damina ɗaya ta ishe shi ya jiƙe ya yage.

Ga mai tambaya ko ya karɓa, amsata e, ya karɓa, ya kuma ci gaba da rataya gidan sauro, don maganin ba ya hana cizo. Kamaru ce ƙasar da ta fara sa rigakafin maleriya na RTS,S cikin alluran yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairu 2024, a gundumomin lafiya 42, kuma wannan ma bai maye gurbin maganin damina ba. Gwajin da aka yi a Burkina Faso da Mali, wanda aka buga a 2021, ya nuna haɗa allurar da maganin ya rage kamuwa da kusan kashi 60, ya rage kwanciya asibiti da mace-mace da kusan kashi 70, idan aka kwatanta da ɗaya shi kaɗai. Zagayen Oktoba ne na fi jin tsoro, lokacin da ruwa ya ja baya, mutane suka koma kan girbi, kowa yana ganin hatsarin ya wuce, ga shi kududdufai suna nan cike da sauro. A wannan zagayen nake so ma'aikata su karɓi lambar maigida, liman kuma ya yi sanarwa safiya uku a jere.