Likitan haƙori, kafin ka sayar da filinka: Birtaniya, Ostareliya, Kanada ko Saudiyya?

Duk likitan haƙorin da ya zo mini da zancen fita waje aiki, tambayarsa ta farko ɗaya ce: wace ƙasa ta fi sauƙin biza? Ni kuma amsata ba ta canjawa. Ba biza ce damuwarka ba, lasisi ne. Babu ƙasar da za ta bar ka ka sa hannu a bakin ɗan ƙasarta don kawai kana riƙe da digirin Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri ko ta Ibadan, sai hukumar da ke kula da likitocin haƙorinta ta gwada ka ta gamsu. Haka kuma babu asibitin da zai ɗauki nauyin bizar aikinka alhali doka ba ta ba ka ikon taɓa majinyaci ba. Wanda ya samu biza babu lasisi, hangen Dala ya yi, bai shiga birni ba. Don haka hajar da za ka taya a wannan kasuwa ita ce hanyar lasisi: nawa za ta ci, shekara nawa za ka yi ba ka ɗaukar albashin likita, sannan in ka kai ƙarshe me zai rage a hannunka.

Bari mu fara da Birtaniya, tunda can hankalin yawancin namu ya fi karkata. Hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista ita ce GDC, jarrabawarta kuma ORE, kashi biyu. Na farko tambayoyi ne a kwamfuta. Na biyu shi ne mai wuyar sha'ani: aikin hannu a bakin mutum-mutumin roba, da tashoshin gwaji da ake zagayawa ɗaya bayan ɗaya, da gano ciwo tare da tsara yadda za a yi maganinsa, da kuma abin da za ka yi idan majinyaci ya some maka a kan kujera. Kafin a karɓe ka sai ka nuna shaidar ka yi aƙalla sa'o'i 1,600 kana duba majinyata da hannunka, sannan ka kawo sakamakon Turanci na IELTS mai maki 7 a jimilla, ba sashen da ya gaza 6.5. Sau 4 kawai aka yarda ka gwada kowane kashi, kuma daga ranar da ka fara zama na farko kana da shekara 5 ka haye na biyu. A 2025 kuɗin kashi na biyu kaɗai ya haura fam 4,000, ban da jirgi da masauki da kwas ɗin share fage, ban da bizar ziyara, domin a can ake zaman jarrabawar.

Amma ba kuɗin ne ya fi karya gwiwa ba, samun kujera ne. Masu jira sun ninka guraben nesa ba kusa ba, har ya zama ranar da aka buɗe rajista, cikin 'yan mintoci guraben sun ƙare. Mutum ya yi wata shida yana karatu dare da rana, ya rasa wurin zama saboda intanet ɗinsa ta yi masa nawa. Akwai wata ƙofa a gefe, jarrabawar LDS ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila, wadda ita ma ke kai mutum ga rajista, sai dai gurabenta ma kaɗan ne. Wata dabarar kuma da aka daɗe ana yi, wato likita ya yi rajista a matsayin mai wanke haƙora da ƙananan ayyuka yana samun na cefane kafin ya ci jarrabawa, an toshe ta tun watan Maris na 2023. Duk dillalin da har yau yake tallata maka ita, ka riƙe jakarka da kyau.

In Allah ya sa ka haye, bizar kanta ba ta da tsauri. Likitan haƙori yana cikin waɗanda ake ba bizar ma'aikatan lafiya, wadda ta fi bizar aiki ta gama-gari arha, ba a biyan harajin kiwon lafiyar da ake ɗora wa sauran baƙi, kuma kana iya tafiya da iyali. Sharaɗin shi ne asibiti mai izinin ɗaukar baƙi ya ba ka takardar ɗaukar nauyi. Idan kana son duba majinyatan NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, a Ingila, akwai sauran mataki na shiga jerin waɗanda aka amince wa, galibi bayan wani lokaci a ƙarƙashin kulawar wani likita. An saba samun izinin zaman dindindin bayan shekara 5, amma a watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar tsawaita wa'adin zuwa 10, don haka ka duba ƙa'idar da ke aiki a ranar da za ka sa hannu.

Abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye: Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya. Saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana kamfanonin ɗaukar ma'aikata su zo farautar likitoci a cikinsu. Kai da kanka kana iya neman aikin da aka tallata, ba wanda ya hana ka. Ba kuma zan ɓoye ba, sunanmu a wannan jeri yana sosa mini rai. Duk wanda ya san abin da ake fama da shi a asibitin cutar noma da ke Sakkwato, yara ƙanana ciwo ya cinye musu kumatu daga abin da ya faro a dasashi, ya san cewa kowane likitan baki da ya tafi ya bar giɓi. Sai dai wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ba ni da bakin ce masa ya zauna.

Ostareliya ta fi Birtaniya tsari a idona, ta kuma fi ta nisa da tsada. Majalisar likitocin haƙorinta, wato ADC, ce ke tantancewa, mataki uku: duba takardu, rubutacciyar jarrabawa wadda ake iya zama a cibiyoyi a wajen ƙasar, sai ta aikin hannu a birnin Melbon. Wannan ta ƙarshe ta yi suna wajen kayar da mutane, ciki har da waɗanda suka shekara goma suna ciko da cire haƙori, domin ba gogewarka ake aunawa ba, ana auna ko za ka fere haƙorin roba daidai da ma'aunin da suka gindaya. Bayan ta sai rajista da AHPRA, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta ƙasar. A ɓangaren biza akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: ba a manyan birane kamar Sidni da Melbon suke ƙishirwar likitan haƙori ba, a garuruwan karkara ne. Shi ya sa hanyar da ta fi buɗewa ita ce bizar yankuna mai lamba 491 ko 494, ko kuma asibiti ya ɗauki nauyinka. Ta 491 ana lissafa ta ne da maki, mafi ƙaranci 65, kuma dole shekarunka su gaza 45. Bayan shekara 3 kana zaune kana aiki a yankin sai ka nemi zaman dindindin. Kafin ka amsa tayin ƙaramin gari, ka tambaya ina masallacin Juma'a mafi kusa, ina ake samun naman halak, ina makarantar yara. Waɗannan ba ƙananan tambayoyi ba ne ga mai iyali. Gyaran da ke cikin cinikin shi ne, mai rajistar Ostareliya yana iya juya ta zuwa ta Niyu Zilan ba tare da sabuwar jarrabawa ba.

Kanada ita ce ta kife lissafin da na fara da shi. A can kana iya samun izinin zaman dindindin tun kafin lasisi, ta tsarin Express Entry, wanda tun 2023 yake ware zagaye na musamman ga ma'aikatan lafiya, har da likitocin haƙori. Wannan ne daɗinta, kuma nan ne haɗarinta. Ka sauka da matarka da 'ya'yanka, takardu tsaf, amma a idon doka kai ba likita ba ne tukuna. Sai ka bi matakan NDEB, hukumar jarrabawar likitocin haƙori ta ƙasar: jarrabawar AFK ta tushen ilimi, ACJ ta hukuncin likita a gaban matsala, NDECC ta aikin hannu a Ottawa, sannan jarrabawar ƙarshe da 'yan ƙasa ma ke zama, kafin lardin da kake ciki ya ba ka lasisi. Ko kuma ka koma jami'a shekara biyu zuwa uku, da kuɗin makaranta mai nauyin gaske. A tsakanin nan haya ba ta jira. Mai ajiyar da za ta riƙe gida shekara biyu ko uku, ko wanda abokin zamansa zai samu aiki da wuri, Kanada ta dace da shi. Wanda zai ci bashi ya tafi, ina jiye masa.

Sai ƙasashen Larabawa, waɗanda ake rainawa a hira amma su suka fi saurin mayar da kuɗi. A Saudiyya hukumar da ke ba da lasisi ita ce SCFHS, jarrabawarta kuma SDLE. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Dubai da Abu Dabi kowacce da hukumarta. Kamfanin DataFlow ne ke bin takardunka har makarantar da ta ba ka don tabbatar da ingancinsu, jarrabawar kuma galibi a kwamfuta ce. Magana ce ta watanni, ba shekaru ba. Galibi suna neman gogewar kamar shekara 2 bayan horon asibiti. Ba a cire harajin albashi, ga kiran salla a kunne, ga Umara kusa. Aibin wannan hanya biyu ne. Iƙamarka tana ɗaure da mai aikinka, ranar da kwantiragi ya ƙare zamanka ya ƙare, ko ka shekara ashirin. Na biyu, Saudiyya tana mayar da sana'ar hannun 'yan ƙasa: daga Maris na 2024 ta wajabta wa asibitoci masu zaman kansu kashi 35 cikin 100 na likitocin haƙorinsu su zama 'yan Saudiyya, daga baya kuma ta ƙara. Kasuwar tana ƙunci ga wanda bai ƙware a wani fanni ba.

Amurka ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. Jarrabawar INBDE, sannan a yawancin jihohi komawa makaranta shekara biyu ko uku da kuɗin da ya fi ƙarfin mafi yawanmu, sannan bizar aiki ta H-1B da masu nemanta suka fi gurabenta yawa. A 2025 kuma an tsaurara shiga ga 'yan Chadi da Sudan da Nijar da Najeriya. Jamus tana buƙatar likitoci, amma sai ka iya Jamusanci har matakin B2, ka ci jarrabawar yaren asibiti a matakin C1, kafin a zo ta ilimi. 'Yan'uwanmu da suka yi karatu da Faransanci suna da gasar EVC ta Faransa, mai ƙayyadaddun gurabe.

Da ƙanena ne ke tambaya, kuma ba shi da wani mai tsaya masa, zan ce ya nemi Saudiyya ko Dubai tukuna, ya tara riyal ko dirhami, ya yi karatun ORE ko ADC daga can hannunsa na kan aiki. Da kuma ya haura arba'in, zan ce ya cire Ostareliya daga lissafi, don jarrabawa za ta iya cinye shekarun da suka rage masa kafin 45.

Kowace ka zaɓa, takardun farko iri ɗaya ne, kuma su ne ke jan ƙafa: sakamakon karatu daga jami'arka, shaidar horon asibiti, da takardar kyakkyawan hali daga MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya. Wannan ta ƙarshe kada ka yi gaggawar karɓarta, domin tana tsufa da wuri, Birtaniya ba ta karɓar wadda ta wuce wata 3. Ka kuma tabbatar sunanka iri ɗaya ne a digiri da fasfo da lasisi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da fayil ɗinka watanni. Kada kuma ka ajiye aiki don ka zauna karatu. Hukumomin Daular Larabawa suna tuhumar duk wanda ya yi fiye da shekara 2 bai taɓa majinyaci ba, har su ce sai ya sake horo. Ke ma Likita, idan haihuwa ko raino suka sa kika dakata, ki riƙe ko da kwana biyu ne a mako a wani asibiti, ki riƙa sabunta lasisinki duk shekara, ki kuma karɓi wasiƙar shaidar aiki mai kwanan wata da hatimi tun shugaban sashen da ya san ki yana nan.