Dillalan kashi 2: yadda muka sayar da gidan gado a Unguwan Dosa

A Kaduna in dillali ya sayar maka da gida, la'adar da aka saba ita ce kashi 5 cikin 100. Sai ga wasu matasa da ofis a Barnawa, su kashi 2 suke karɓa. Su na danƙa wa gidan marigayi mahaifinmu, don dukiyar magada ce, kowace naira da idon wani a kanta.

An sallama a naira miliyan 30. Suka ɗauki dubu 600, maimakon miliyan ɗaya da rabi. Amma wallahi ba rangwamen ne ya fi burge ni ba. Kowa ya san dillancin gari: ka ba mutum ɗaya gida, kafin ka ankara dillalai biyar sun rataya, kowa ya ɗora nasa, kuɗin ya kumbura a kunnen mai saye, ya ce ya yi tsada ya kama gabansa. Waɗannan kuwa farashin da muka yanka shi suka sa a Facebook da WhatsApp. Suka zaunar da mu da mai saye ido da ido, ya taya, Yaya Babba ya ce albarka, ya ƙara, muka sallama, ya ba da kafin alƙalami.

Sai dai wahalar taka ce. Makulli yana hannuna, duk mai son ganin gida ni zan rufe shago a kasuwar Sheikh Gumi in je in buɗe masa. Tsohon dillali yana gane mai kuɗi da ɗan kallo tun daga gaisuwa, su kuwa duk wanda ya kira turo maka shi suke yi. Wani ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, ya ɗau hoto, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Takardu ma ba ruwansu. Binciken fayil a KADGIS, wato hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, da neman amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta, duk lauya muka ɗauka, kuɗinsa daban, ya ci wani abu daga rarar. Mun ci sa'a Baba ya sabunta C of O ɗinsa, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, kafin ya rasu, takardar rabon gado ta kotu kuma tana hannu.

In takardunka tsaf suke kuma kana da lokacin zirga-zirga, je musu. Wanda takardar mai unguwa kaɗai gare shi, ya nemi gogaggen dillalin da ya san tarihin filin, ya biya shi kashi 5 ɗinsa.