Jirgin Sao Tome zuwa Principe: minti 40 a sama, kwana uku a ƙasa

Maigidana a harkar koko (na cakulan nake nufi, ba wanda ake damawa da safe a Aboabo ba) ya ce in raka shi tsibirin Principe, a ƙasar Sao Tome da Principe, mu ga yadda suke shanya nasu. Kafin mu bar Kumasi na duba taswira a waya: daga filin jirgin Sao Tome zuwa na Principe kilomita 160 ne da 'yar ɗoriya. Na ce, "Alhaji, ai wannan ko Kumasi zuwa Accra bai kai ba." Murmushi kawai ya yi.

Daga Accra zuwa Sao Tome ba mu yi awa biyu ba, kuma agogonsu ɗaya da namu, ko taɓa shi ban yi ba. Ƙaramin jirgin da ke haɗa tsibiran biyu shi ne abin da nake so in yi magana a kai.

Mai farfela ne, kujerunsa ba su kai arba'in ba. Tun a wurin awo na gane ba irin jirgin da na saba ba ne. Jakata ta wuce kilon da suka yarda, sai da na fitar da gari da kwalaben shito (yajin miyar nan tamu ta Ghana) na bar wa mai masaukinmu. Ma'aikaciyar tana ta yi min bayani da Fotugisanci, ni kuwa sai gyaɗa kai.

Tafiyar kanta ba ni da abin kushewa. Akwai ƙara, har sai ka kai baki kunnen na kusa da kai kafin ya ji ka, amma jirgin tsaf yake, an tashi a kan lokaci. Teku ne zalla a ƙasa, can sai ga Principe ya ɓullo, kore shar, duwatsu masu tsini sun huda daji. Ban ƙarasa lazimina ba muka sauka. Filin jirgin bai fi wata tashar mota girma ba, daga nan zuwa garin Santo Antonio kuma tafiya ce kaɗan. Mun je tsohuwar gonar Sundy, inda a 1919 masana daga Ingila suka ɗauki hoton husufin rana don gwada maganar Einstein. Alhaji dai 'ya'yan koko kawai yake ta murzawa yana sansanawa.

Dawowa ce ta nuna min dalilin murmushinsa. Ranar da za mu tashi aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɗage jirgin. Washegari babu kujera, kuma ba wanda ya kira mu, mu ne muke ta sintiri muna tambaya. A hanyar Accra in mota ta ƙi ka, wata za ka tara. A nan kuwa sai jirgin ruwa, wanda kan kwashe awanni da yawa, kuma da aka ba ni labarin wanda ya kife kusa da tsibirin a 2019, ban sake tayar da zancen ba.

Kafin mu isa Sao Tome jirgin Accra ya tafi, shi ma ba kullum yake zuwa ba. Katina na banki ya ƙi aiki, da kuɗin yuro na aljihun Alhaji muka biya ɗaki. Ya ce baɗi za mu koma. Na ce to, amma ni zan yanki tikitin, in bar kwana biyu tsakanin jiragen, shito kuma kwalba ɗaya.