Shagon tura fina-finai na bakin layinmu da sabbin wasannin Japan

Akwai wani ɗan shago kafin a karyo kwanar layinmu a Pantami, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da ƙanƙara, inda ake tura fina-finai a waya ko a filash. Ba zan kama sunansa ba, don abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma yaron da ke zama a wurin yana ganin girmana. Shekara uku ke nan ina kai masa filash ɗina. Na Koriya nake karɓa, kafin su na Turkiyya, kafin su kuma na Indiya masu fassarar Hausa, waɗanda na yi wa sallama ranar da na lissafa na ga na cinye kashi ɗari da wani abu ina jiran uwar miji ta gane ba amarya ce ta zuba gubar ba.

Ƙanwata ce ta ja ni zuwa na Japan. Karatun lauya ta cike a JAMB ta 2024, ta ga ana maganar wani wasa a kan mace lauya, ta ishe ni da naci har na rubuta sunaye uku a bayan takardar jarrabawar ɗalibaina. Mako guda da 'yan kwanaki bayan ƙaramar sallah, da la'asar sakaliya, rana na dukan kwanon shagon kamar ta narka shi, na miƙa wa yaron takardar. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Adda, waɗannan ai na Koriya ne."

Na ce masa na Japan ne.

"To ai duk Chana ne, Adda."

A kwamfutarsa kuwa haka abin yake. Jaka ɗaya ce ya sa wa suna Chana, ya zuba Koriya da Sin da Tailan da duk wani mai cin abinci da tsinke a ciki. Na Japan babu ko ɗaya, in ban da zane-zanen yara da samari ke karɓa. Ya ce sai ya nemo, kuma tunda datarsa zai ƙona saboda ni kaɗai, kowane kashi naira 200 maimakon 100. Ban ja ba.

Abin da ya fara burge ni tun kafin in kalli komai shi ne tsarin fitowarsu. Gidajen talabijin na Japan sun raba shekara gida huɗu: sababbin wasanni na farawa a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, kowanne ya yi wata uku, kashi goma ko sha ɗaya, sau ɗaya a mako, shi ke nan an rufe labari. Na Afrilu yana da nasa armashi, don a watan ne shekarar makaranta da ta aiki ke farawa a can. Ga wadda ta sha wuyar labarin da ba ya ƙarewa, jin cewa kafin Yuli zan san ƙarshen komai ya fi min ruwan sanyi. Kuma Japan ta riga mu da awa 8. Wasan da ake haskawa ƙarfe 10 na daren Litinin a Tokiyo, a nan Gombe ƙarfe 2 ne na rana, ina tsaye a ƙofar aji ina sallamar yara. Sai dai kafin masu fassara su yi masa rubutun Turanci a ƙasa, yaron shago ya samo, Alhamis ta yi.

Turawar farko ba ta yi daɗi ba. Na dawo gida, na jira aka kawo wuta bayan isha'i, na soka filash a talabijin, sai ga mutane suna ta zuba Japananci babu rubutu ko layi ɗaya. Washegari na koma. Ya ba ni haƙuri, ya sake turawa, wannan karon rubutun ya zo amma yana gaba da magana, har amsa kan bayyana kafin a yi tambaya. A karo na uku ne ya zauna ya haɗe rubutun da hoton wuri ɗaya, bai ƙara min ko kwabo ba. Wannan na yaba. Abin da ban yafe da wuri ba shi ne cutar da kwamfutarsa ta shafa wa filash ɗina: jakar da na ajiye tambayoyin jarrabawar aji biyar ta ɓace, na kwana da ciwon kai. Ya dawo min da ita washegari, yana cewa ɓoyewa kawai ta yi. Tun daga ranar na sayi filash na biyu, na fim daban na aiki daban, kuma ina ba kowa shawarar haka.

Sai wasannin kansu. Na farkon da na buɗe shi ne Anti-Hero, na gidan TBS, wanda suka riƙa sakawa ƙarfe 9 na daren Lahadi a 2024, lokacin da suka saba ajiye manyan wasanninsu. Hasegawa Hiroki ne ya fito a matsayin lauyan da zai iya wanke mutum ko da kowa ya tabbata shi ya yi kisan. Shari'ar farko ta wani ma'aikaci ce da ake zargi da kashe mai ƙaramar masana'antar da yake yi wa aiki. Abin da ke ba labarin nauyi gaskiya ne: a Japan, fiye da kashi 99 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar kan laifi ana samunsu da laifin, saboda masu gabatar da ƙara ba sa kai magana kotu sai sun ga ba ta da mafita. Saboda haka lauyan da ke fitar da mutum abin kallo ne. An kashe kuɗi, hoto tas, kiɗa kamar za a tashi duniya. Ni dai ya cika min kunne. Kowa sai ya juyo a hankali, ya zare ido, ya yi magana kamar mai wa'azi. Maigidana kuwa shi ya fi so, har ya fara tambayata ko Alhamis ta yi. Na bar masa.

Wanda ya zaunar da ni shi ne Unmet. Labarin wata likitar tiyatar ƙwaƙwalwa ce, Miyabi, wadda hatsari ya shafe mata shekara biyu na baya, kuma duk abin da ya faru yau, in ta kwanta ta tashi ya tafi. Kullum da asuba sai ta buɗe littafin da take rubuta rayuwarta, ta karanta wace ce ita, wa ta sani, me ta yi alkawari jiya, sannan ta fita asibiti. An hana ta aikin likita, tana taimaka wa ma'aikatan jinya, har wani likita da ya dawo daga Amurka ya zo ya ce shi bai ga dalilin da zai hana ta aikinta ba. Sugisaki Hana ce ta fito a Miyabi, fuska ba wata kwalliya, magana ƙasa-ƙasa. Akwai inda za a bar kyamara a kan fuskarta tana tauna abinci kawai, ba kiɗa ba komai, kuma ba za ka so a ɗauke ba.

Majinyaciyar kashi na farko 'yar fim ce da jini ya toshe mata a ƙwaƙwalwa, magana ta ƙwace mata. A nan na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida.

Shekara huɗu ke nan da Baffanmu ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya tafi tare da shi. Likita ya yi mana bayani a lokacin cewa a yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da magana, kuma shi ne ke juya ɓarin dama na jiki, shi ya sa abubuwan biyu kan tafi tare. Mun ji, amma ba mu gane ba sai da muka zauna da shi. Baffa ya san abin da yake so. Zai kalli buta, ya buɗe baki, sai "takalmi" ya fito. Ya san ba daidai ba ne, ya sake gwadawa, takalmin ya sake fitowa, sai ya kawar da kai bango. Masu zuwa gaisuwa su riƙa ɗaga murya kamar kurma ne, wasu su yi ta maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin. A fina-finan da na saba gani, mai wannan ciwo ko dai ya karkace baki a ba mutane tausayi, ko ya miƙe ya yi jawabi ranar ɗaurin aure. A nan kuwa sun nuna ainihin abin: idon da ya san kalmar, bakin da ya ƙi kawo ta, da haushin da ke biyo baya. Inna ta shigo ta same ni ina share fuska, ta zauna, na mayar mata baya. Ba ta karanta Turanci, ban kuma fassara mata ba. Da aka zo wurin sai ta ce, "Haka yake yi. Wallahi haka yake yi." Ba ta ƙara cewa komai ba har aka gama.

A kashi na biyu ne matsalar rubutun ta sake ɗagowa, kuma a irin wannan wasa ba ƙaramar matsala ba ce. Wanda yaron ya samo da alama na'ura ce ta fassara shi. Japanawa kan yi magana ba tare da sun ambaci wanda ya yi aikin ba, sai a gane daga yanayi, ita kuwa na'ura sai ta cike gurbin da abin da ta ga dama. Mace ta koma "shi", "na manta" ya koma "ka manta". A labarin da gaba ɗayansa a kan wa ya manta da wa yake, ka ga an yi ɓarna. Na koma na nuna masa a wayata. Ya ce, "Adda, in kin ƙara min kwana biyu, mai kyau yana fitowa." Gaskiyarsa. Yanzu Asabar nake zuwa, kuma kafin in biya sai ya buɗe min tsakiyar fim na karanta layi biyar.

Na ukun, wanda ƙanwata ta tayar da ƙura a kansa, Tora ni Tsubasa ne, na gidan NHK. Ma'anar sunan a ba damisa fukafukai. Shi ba ya cikin masu wata uku. Irin wasan safe ne da NHK ke yi tun 1961: minti 15 kacal, ƙarfe 8 na safe, Litinin zuwa Juma'a, wata shida. Daga wannan layin ne Oshin ya fito a 1983, wanda ya zaga ƙasashe da dama har Masar da Iran. Wannan na 2024 an gina shi ne a kan rayuwar Mibuchi Yoshiko, ɗaya daga mata uku na farko da suka ci jarrabawar zama lauya a Japan a 1938, wadda daga baya ta zama alƙaliya. An fara labarin a 1931, yarinya Tomoko ana ta kai ta zaman ganin miji tana ɓata lamarin da yawan tambaya, har ta ji cewa a dokar ƙasarsu ta lokacin matar aure ba ta da ikon ƙulla manyan harkoki sai da izinin miji. Ito Sairi ce jarumar, mai murya a shaƙe da fuskar da ba ta iya ɓoye rashin yarda. Akwai ban dariya sosai, fiye da yadda na zata. Amma uwar ce ta tafi da ni. Mako guda tana adawa da karatun, tana shirin kai 'yarta sayen tufafin zaman ganin miji, sai wani namiji ya raina hankalin yarinyar a gabanta. Ba ta tsaya ko'ina ba sai kantin littattafai, ta saya mata kundin dokoki. Ƙanwata ta kalli Inna ta gefen ido. Inna ta ce ita kar a kalle ta, kuɗin fom ɗin ma wa ya biya?

Nan muka yi ciniki da yaron shago, don ba zai yiwu in biya 200 a kan minti 15 ba. Muka daidaita a kan kashi biyar na mako a naira 300.

Ga masu tambaya ko za a iya kallo da yara a ɗaki: a ukun nan ban ga shigar banza ko rungume-rungume ba zuwa yanzu, sun fi na Turkiyya kamun kai nesa ba kusa ba. Sai dai akwai zaman shan giya bayan an tashi aiki, abin ya zame musu kamar shayi, akwai kuma buɗe kai a ɗakin tiyata ga mai tsoron jini. Babu fassarar Hausa, kuma ban ga alamar za a yi ba, don haka wanda Turanci ke ba wuya zai sha tsayar da hoto. Na kuma san ɗari biyun da nake bayarwa ba ta isa hannun waɗanda suka yi wahalar shirya fim ɗin. Mai halin biyan Netflix da datar da zai ci ya fara dubawa can, akwai wasannin Japan a ciki. Ni albashin malamar firamare bai kai nan ba.

Shagon dai zan ci gaba da zuwa. Benci ɗaya ne, fanka ba ta aiki sai an ta da janareta, kuma in ka tarar da samari masu karɓar ƙwallo za ka yi rabin awa a tsaye. Amma yaron yana da amana, ba ya cusa wa mutum abin da bai nema ba, kuma yanzu da kansa yake turo min saƙo a WhatsApp in sabon kashi ya sauka. Asabar ɗin da ta wuce na leƙa allon kwamfutarsa na ga ya buɗe sabuwar jaka ya rubuta Japan, abubuwa uku ne kawai a ciki. Ya ce wata ma'aikaciyar jinya daga Tumfure ta karɓi na likitar, ta dawo tana tambayar kashi na huɗu, ya ce mata ta jira Asabar, mai kyau bai fito ba tukuna.