Gejin kwana na injin zarto: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya sayi ƙaramin injin zarto mai tebur ya san ɗan gejin nan da ke zuwa a cikin kwali, mai kan roba da guntuwar sanda, wanda ake tura katako da shi idan za a datse shi ko a yi masa yankan kwana. Nawa bai yi wata biyu ba na cilla shi ƙarƙashin benci. Firam ɗin madubi na yanka, kusurwa uku suka haɗu lafiya lau, ta huɗu ta wage baki har tsinken ashana na shiga. Lissafin a fili yake: firam mai kusurwa huɗu yanka takwas ne, kowanne a digiri 45. In gejin ya kauce da rabin digiri kacal, to kuskuren digiri huɗu ne zai taru a kusurwar ƙarshe, kuma babu gam da garin katakon da za su rufa maka asiri.

Kafin ka tambayi farashi, auna ramin da ke kan teburin injinka, wanda sandar gejin ke bi. Yawancin gejin da ake sayarwa daban an yi su ne don rami mai faɗin inci 3/4 da zurfin inci 3/8, wato kusan milimita 19 da 9.5. Amma da yawa daga ƙananan injina masu araha raminsu inci 5/8 ne, kusan milimita 16, wasu ma da 'yan harsuna a bakin ramin. Irin wannan ko ka sayo geji mafi tsada a duniya ba zai shiga ba. Masu injin da aka haɗa wajen mai walda kuwa, sau da yawa teburin ba shi da rami sam, sai an fara fitar masa da shi tukuna.

In ramin ya dace, abu na gaba shi ne zaman sandar a cikinsa, kuma a nan nake ganin ya kamata kuɗinka ya tafi. Saka sandar, ka riƙe kan gejin ka kaɗa shi hagu da dama. Idan ka ji yana ƙas-ƙas, duk lambobin da aka zana a kansa ado ne kawai, domin kwanar tana sauyawa tun kana cikin turawa. Geji mai kyau yana da hanyar cike wannan giɓin. Na kamfanin Incra suna da 'yan faya-fayan roba a jikin sandar, kana ɗaure sukuru suna buɗewa har su taɓa bangon ramin. Na Kreg kuma ƙananan sukurorin roba ne jere a gefen sandar. Duka biyun suna aiki. Abin da ake so shi ne sandar ta riƙa sulɓewa da turin yatsa ɗaya, ba girgiza, ba cijewa.

To wanne za ka ɗauka? Incra V27 shi ne mafi sauƙin kuɗi a gidansu. Kansa ƙarfe ne mai haƙora, yana kullewa a wurare 27, duk bayan digiri biyar, da ƙarin 22.5 don aiki mai gefe takwas. Ba ya zuwa da jingina, wato dogon allon da ake jingina katako a jikinsa lokacin yanka, sai dai ramukan sukuru. Ni ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba. Ka samu miƙaƙƙen katako busasshe ka ɗaura, ka manna masa samfefa a fuska don kada aiki ya zame, shi ke nan. Har ma ya fi jinginar alminiyam ta wani fanni, tunda kana iya barin zarton ya ratsa ta, tsagar ta nuna maka daidai inda haƙori zai bi, ta kuma hana bayan katakon tsattsagewa. Yayansa V120 yana kullewa a kowane digiri ɗaya. Sai ka tambayi kanka yaushe rabonka da yanka digiri 37. Kafintan da aikinsa ƙofa, kabad da firam ne, tsakanin 90, 45, 30 da 22.5 yake ƙare shekara.

Kreg ya bi wata hanya. Fil ake zurawa a ramukan kan gejin, a sifili (wato yankan miƙe), 10, 22.5, 30 da 45, sauran kusurwoyi kuma a karanta su a ma'aunin da ke nuna har kashi ɗaya cikin goma na digiri. KMS7101 kan ne da sanda kawai, KMS7102 kuwa yana da jinginar alminiyam mai inci 24 da ɗan maƙalin da ake kifarwa don a yanka guntaye da yawa tsawo ɗaya. Wannan maƙalin yana da daɗin aiki ƙwarai ranar da za ka yanka ƙafafun kujera arba'in. Incra 1000SE ma yana da shi, da jingina mai zuƙewa daga inci 18 zuwa 31, amma daga nan an fara fita daga sahun masu araha, balle in ka haɗa da kuɗin jigila, don doguwar jingina nauyi ce da girman kwali, kuma da dala ake lissafin.

Akwai kuma na Sin da suka cika kasuwannin intanet irin su AliExpress da Banggood, ja da baƙi, suna ƙyalli a hoto. Wasunsu aiki ne mai kyau a farashi mai rangwame, wasu kuwa kyan ɗan maciji ne. Kada hoto ya ruɗe ka. Duba faɗin sandar a milimita, duba ko ana iya matse ta a rami, sannan ko ana iya kwance kan a daidaita sifilinsa. Wanda ba a iya gyara sifilinsa, bar musu kayansu.

In kuma yawancin yankanka na miƙe ne, digiri 90, wataƙila ba geji kake buƙata ba. Tiren yanka da za ka haɗa da guntun filawud, da sanduna biyu na katako mai tauri a ƙasa masu bin ramukan tebur, ya fi kowane geji riƙe faffaɗan allo, kuma kusan kyauta ne.

Kowanne ka saya, kada ka yarda da saitin kamfani. Cire wuta, ka tabbatar faifan zarton yana tafiya daidai da ramin, don in ya karkace geji ba zai gyara shi ba. Sannan ka sa sikwaya tsakanin jingina da jikin faifan, ba kan haƙori ba. Datse miƙaƙƙen katako mai faɗi, ka kifar da ɓari ɗaya, ka haɗa bakunan biyu a kan tebur. Duk hasken da ka gani a tsakani, ninki biyu ne na kuskurenka. Kuma lokacin datsawa da geji, matsar da doguwar jinginar tsaga, wato ta jikin teburin injin, can gefe. In guntun da ya fita ya maƙale tsakaninta da faifan, kanka zai dawo da gudu.